Hitar ruwa mai amfani da rana: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Baban Khalifa, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana a kan hitar ruwa irin wadda ake ɗorawa a sama rana ta dafa ruwan, ba mai faranti da batir ba. Mu tara ne a gida, manya huɗu da yara biyar. Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne, ana tura shi tankin roba da ke kan ƙarfe mai tsayin mita shida. Rufin gidan kwano ne a kan katako, ba na kankare ba. A yanzu da gas muke dafa ruwan wanka da hunturu, idan akwai wuta kuma a jona hitar lantarki. Ga shi ana sa ran haihuwa a gidan cikin watan Disamba, ga wankan jego a gaba.

Abin da nake son sani: lita nawa za ta ishe mu? Da gaske tana rage kashe kuɗi, ko daɗin bakin masu sayarwa ne? Tana aiki idan hazo ya sauka? Kuma mene ne ya fi lalacewa a jikinta? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Sadau

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Bari mu fara da lissafi, domin shi zai raba gardama.

Kafin lita ɗaya ta ruwa ta ƙara zafin digiri ɗaya, tana cin abin da ya kai wat 1.16 na awa guda. Wannan ba ya canzawa, ko da gas ka dafa, ko da itace, ko da rana. Ruwan wanka mai daɗi yana wajen digiri 40. Ruwan tankinka da sanyin safiya a ce digiri 20 ne, wani lokacin ma ya gaza haka. To bokiti mai lita 20 yana bukatar ƙarin digiri 20, wato 20 sau 20 sau 1.16, kusan rabin yunit ke nan a mita. Mutum tara, wasu su yi wanka sau biyu, a ce bokiti 15 a yini: yunit 7.

Yunit 7 ɗin nan daidai yake da ɗaga lita 150 daga digiri 20 zuwa 60. Ba da ruwa mai digiri 60 ake wanka ba, ana sirka shi da na sanyi rabi da rabi, don haka lita 150 na zafi sukan ba da lita 300 na wanka. A takarda mai lita 150 ta ishe ku. Ni dai mai lita 200 zan ce ka saya, saboda ranakun hazo da kuma jegon da ka ambata.

Yanzu kuɗi. Idan kana rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa mafi yawan awannin wuta a rana, a watan Yulin 2024 yunit ya koma wajen naira 209. Yunit 7 ya kama naira 1,460 da 'yan kai a rana, wajen 44,000 a wata. Duba takardar kuɗin wutarka ka sa naka farashin, tunda sauran rukunoni ba su kai haka ba. Gas kuwa, kilo ɗaya yana ɗauke da zafin da ya kusa yunit 13, amma kusan rabinsa yana zagaye tukunya ya bi iska, saboda haka yunit 7 a cikin ruwa kusan kilo ɗaya ne na gas kullum. Tukunyar kilo 12.5 ba za ta cika mako biyu ba ke nan, ban da girki. Murhun duwatsu uku ya fi kowa ɓarna, abin da ke shiga ruwa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen ba, sai ka ƙona sama da kilo goma na busasshen itace a kan wannan aikin. Janareta kada ma a kawo maganarsa: ƙaramin inji da kyar yake fitar da yunit biyu daga litar fetur.

Inda masu sayarwa ke yi wa mutane rufa-ido shi ne, sai su ninka kuɗin rana ɗaya sau 365. A Zariya ko Kano ko Katsina, wa ke neman ruwan zafi a watan Afrilu? Bukatar gaske daga Nuwamba ce zuwa Fabrairu, sai wasu safiyoyi na tsakiyar damina. Idan kwana 120 ne, abin da ka tsira da shi a shekara a farashin Band A wajen naira 176,000 ne. Mu ƙaddara, don misali kawai, na'ura da aiki da ƙarfen ɗorawa sun ci maka miliyan ɗaya: sai ta kusa shekara shida kafin ta mayar da kuɗinta. Mutumin Jos ko na Mambila da ke dafa ruwa kwana 300 a shekara, nasa 440,000 ne, cikin shekara biyu da 'yan watanni ya fanshe. Haka otal, da asibitin haihuwa, da makarantar kwana, da gidan abinci mai wanke-wanken maiƙo kullum. Tanki mai kyau yakan kai shekara 10 zuwa 15 idan ruwan ba mai cin ƙarfe ba ne, don haka ko a lissafin Zariya akwai riba, sai dai ba ta gaggawa ba ce. Tana ƙaruwa idan aka ja layi zuwa kicin da wurin wanki, ruwan zafin bazara ya samu aikin yi.

Akwai kuma ribar da mita ba ta nunawa. Ranar da babu wuta akwai ruwan zafi, kuma an huta da jefa hitar bokiti mai tsirarar waya, wadda ta sha kashe mutane a banɗaki.

Batun hazo: tana aiki, amma ƙarfinta yana raguwa. A yankinmu kowace murabba'in mita tana samun zafin rana da ya kai yunit 5 zuwa 6 a yini, kuma hita mai lita 200 da bututun gilashi 20 takan ƙara wa ruwanta digiri 30 zuwa 40 idan gari ya yi garau. Ranar da hazo ya rufe rana ruf, ɗumi kawai za ka samu. Shi ya sa ake sa mata hitar lantarki ta ko-ta-kwana a cikin tankin, mai wat 1,500, a kunna ta awa ɗaya ko biyu a irin wannan rana.

Malam Habu mai famfo

Injiniya ya gama da lissafi, ni zan yi maganar ɗorawa, domin yawancin waɗanda ake cewa sun lalace ba na'urar ce ta gaza ba, aikin ne aka yi shi ba daidai ba.

Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai bututan gilashi. Kowane bututu gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar fulas ɗin shayi, zafi ya shiga ba ya fita. Tsayinsa mita 1.8, kaurinsa milimita 58, kuma ana lissafa bututu ɗaya ga kowace lita goma. Mai lita 200 bututu 20 ke nan. Wanda ya kawo maka tankin 200 da bututu 15, ya rage maka wuta. Babu injin tura ruwa a ciki: ruwan da ya yi zafi ya fi sauƙi, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro.

Abu na farko, Alhaji, kada ka ɗora ta a kan kwanon nan. Idan ta cika da ruwa nauyinta ya haura kilo 300, katakon rufinmu ba a yi shi don haka ba, ga huda kwano da zai jawo maka yoyo da damina. A haɗa mata ƙarfe nata, a kafa ƙafafunsa da kankare, kusa da banɗaki. Tsayinsa a tsakani zai tsaya: saman hitar ya kasance ƙasa da gindin tankin robarka da aƙalla rabin mita don ruwa ya gangaro mata, gindin tankinta kuma ya fi kan shawa da mita biyu ko fiye. Tunda tankinka yana mita shida, dandamali a mita uku zuwa uku da rabi zai yi. Kowace mita goma ta tsayi ita ke ba da ƙarfin ruwa "bar" ɗaya a ma'aunin matsin ruwa, to ka ga mita biyu ba wani ƙarfi ba ne. Ya isa cika bokiti, ya isa shawa mai faɗin huda, amma ba zai tura shawar zamani mai ƙananan huda ba.

Ta fuskanci kudu. Da hunturu rana karkata take yi kudu, a Zariya tsakar ranar Disamba takan kauce daga tsakiyar kai da wajen digiri 34. Karkatar digiri 25 zuwa 30 ta fi dacewa, ta kama ranar sanyi sosai, ta kuma rage kama ta bazara lokacin da ba a bukata. Ka tsaya a wurin da ƙarfe tara na safe da kuma uku na yamma ka duba inuwa. Sau da yawa tankin robar kansa ne ke yi mata inuwa, saboda haka a ajiye ta kudu da shi, ba arewa ba.

Irin wannan ba ta ɗaukar matsin ruwa. Tankinta na ciki siririn ƙarfe ne, bututan kuma zoben roba kawai ke riƙe su. Tana da bututun numfashi a sama, kada a toshe shi, kada a sa masa bawul ko da wasa. Idan aka toshe, tururi ya kumbura tankin, ko kuma a buɗe famfo a ƙasa tankin ya tsotse ya lotsa. Ruwa ta ƙaramin tanki mai ƙwallo yake shiga, wanda ke zaune a samanta. Kada a haɗa ta kai tsaye da injin rijiya.

Fayif ɗin ruwan zafi PPR ne mai lamba PN20 ko PN25, wanda ake haɗawa da wuta. PVC na ruwan sanyi laushi yake yi ya saki a gaɓa. Mita ɗaya ko biyu na farko daga bakin tanki gara a sa jan ƙarfe ko ƙarfe marar tsatsa, saboda da bazara ruwan yakan kusa tafasa, PPR kuwa an yi shi ne ya jure wajen digiri 70 a kullum. A naɗe layin duka da soson rufe fayif, a sake rufe soson da tef mai ƙyalli, in ba haka ba rana ta cinye shi cikin shekara guda. Kuma a gajarta layi. Fayif mai milimita 25 yana riƙe kusan lita ɗaya a kowace mita biyar, layin mita 15 sai ka zubar da lita uku na sanyi kafin zafi ya iso, kowane buɗewa.

Wajen sa bututan: a shafa ruwan sabulu a baki, a murɗa a hankali har ya shige, a zaunar da gindinsa a kofinsa. Da yamma ake yi ko da sassafe, a cika ruwa nan take. Babban abin da ke fasa su shi ne a bar su babu ruwa a rana, cikinsu ya haura digiri 200, sannan a tura ruwan sanyi. Idan ruwa ya yanke tanki ya bushe, a rufe bawul ɗin shiga, sai dare ko asuba a buɗe. Bututu ɗaya ya fashe, ruwan tankin duka zai tsiyaye ta nan, don haka ka sayi biyu ko uku na ajiya tun ranar farko, da zobban robarsu. Ka riƙa duba gindin kowane: mai lafiya yana ƙyalli kamar azurfa, wanda iska ta shiga ya koma fari, ya daina aiki sai canji.

Da hunturu a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako, da safe kafin rana ta ɗaga.

Baban Khalifa, Zariya

Na gode Injiniya, na gode Malam Habu. Saura abu ɗaya: mu da asuba muka fi bukatar ruwan, yara na shirin makaranta. Zai kwana da zafinsa?

Malam Habu mai famfo

Zai kwana, idan tankin yana da rufin kumfa mai kaurin milimita 50 ko fiye. Abin da yake saukewa cikin dare bai cika wuce digiri 5 zuwa 10 ba. Matsalar ba daren ba ce, wankan dare ne. Duk litar da aka ɗiba bayan magariba, ta sanyi ce ke maye gurbinta, babu rana kuma sai gobe. Idan aka kwashe rabin tanki da dare, da asuba sai a tarar da ruwa salam-salam. Mafita biyu ce. Ko a ƙayyade wankan dare, ko a sa bawul a layin shiga inda hannu ke kaiwa, a rufe shi da la'asar, a riƙa ɗiba ta bakin ƙasa, a buɗe bayan wankan safe kafin ƙarfe takwas. Wanda ya zaɓi ta biyun kada ya kunna hitar lantarkin cikinta sai ya tabbata ruwa ya rufe ta, minti kaɗan take yi a bushe ta ƙone. Kuma lallai mai gyaran wuta ya haɗa mata wayar da ake binnewa a ƙasa, da bireka mai katsewa idan wuta ta zubo a ruwa.

Hajiya Maman Ummi, ma'aikaciyar jinya

Malamai sun yi bayani, ni a kan yara da mai jego zan ƙara. Ruwan wannan na'ura ba kamar na tukunya ba ne da ake ganin tururinsa a yi hattara, daga famfo yake fitowa, yaro kuma bai san bambanci ba. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar babba cikin daƙiƙa biyar, ta yaro kuwa ta fi saurin ƙonewa, kuma da bazara abin da ke tankin ya wuce 60 nesa. Akwai bawul mai sirka ruwa da kansa, ana sa shi a bakin fita, a saita shi a 45 zuwa 50. Don Allah Baban Khalifa kada a bar shi don rage kuɗi. Idan ba a samu ba, a ɗaga kan famfon zafi inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma a koya wa kowa zuba na sanyi a bokiti tukuna. Ruwan wankan jariri digiri 37 zuwa 38 ne, a gwada da gwiwar hannu.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ba a so tankin ya daɗe da ruwa mai ɗumi kawai. Akwai ƙwayar cuta mai suna Legionella da ke yaɗuwa a ruwa tsakanin digiri 20 da 45, tana kama huhu idan aka shaƙi feshin shawa. Digiri 60 yana kashe ta. Idan aka jera kwanaki ana hazo ko hadari, a kunna hitar ciki ta kai shi 60 ko sau ɗaya a mako. Kuma ba ruwan sha ba ne, ba na haɗa madarar jariri ba.

Jego kuwa, a nan za ku fi ganin amfaninta, kwana arba'in safe da yamma ba ƙaramin itace yake ci ba. Ko da tsofaffi sun dage sai an tafasa da ganye, farawa daga digiri 60 maimakon 20 ya rage rabin wutar da za a kai shi tafasa. Amma ina roƙo a sassauta zafin. Likitoci a asibitin koyarwa na Zariya tun shekarun 1970 suka alaƙanta ciwon zuciyar bayan haihuwa da tsananin gashi da yawan kunun kanwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashi ke yi mata wuya, a kai ta asibiti a ranar.

Elhaji Laouali, Maraɗi

Gaisuwa ga mutanen Zariya. Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, kuma a can an ƙera irin waɗannan na'urori a gida. A wajenku ma cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kansu. Irin da aka ƙera ɗin shi ne mai shimfiɗaɗɗen faranti: akwati, a ciki baƙin faranti da bututan jan ƙarfe, a ƙasa abin tare zafi, a sama gilashi.

Ina ganin bai kamata a raina shi ba. Bututan gilashi sun fi nuna fifikonsu ne a ƙasashe masu tsananin sanyi, mu kuwa ko da hunturu tsakar rana da ɗumi, faranti yana kai ruwa 55 zuwa 65 ba wahala. Murabba'in mita biyu zuwa uku ya isa lita 200. Ba ya fashewa don an zuba ruwan sanyi, dutsen yara bai cika yi masa illa ba idan gilashin mai tauri ne, kuma bai kai bututu tafasa ruwa da bazara ba. Sharaɗinsa, gindin tanki ya fi saman faranti da wajen santimita 30, fayif ɗin da ke hawa kuma ya tafi sama ɗoɗar babu lanƙwasa ƙasa. Inda ya lanƙwasa iska ke maƙalewa, ruwa ya daina zagayawa, da dare ma ya juya baya ya huce.

Amma kafin ka zaɓa, gwada ruwan rijiyarka. Dubi gindin butar da kuke tafasa ruwa. Idan farin ɓawo yana kamawa da sauri, ruwan yana da farar ƙasa, kuma tana ƙara kamawa da zarar zafi ya wuce digiri 60. A faranti tana toshe ƙananan bututan jan ƙarfe, gyaransu da wuya. A nan mai gilashi ta fi, domin ana zare bututun a wanke shi da ruwan tsami na kanti ko garin lemun tsami da aka jiƙa, shekara-shekara. Idan kuma ruwan zartsi ne, shi tankin yake ci ta wajen walda. Ka tambayi mai sayarwa ko tankin ciki ƙarfe marar tsatsa ne lamba 304, ko akwai sandar magniziyam a ciki. Ita ake sa wa don ruwa ya ci ta maimakon tanki, ana duba ta duk shekara, a canja idan ta sirance.

Injiniya Sadau

Elhaji ya kawo magana mai kyau. Abu ɗaya zan ƙara ga wanda ya riga yana da sola ta lantarki a gida, domin tambayar tana yawan zuwa. Kada a jona hitar ruwa a batir da dare ko da asuba. Yunit 7 ya fi abin da batirin litiyam mai yunit 5 ke ɗauka gaba ɗaya. Amma idan farantanka suna cika batir tun kafin azahar, wutar da ta rage ɓata take yi, kana iya sa hita mai tanki ta lita 80 ko 100, mai wat 1,200 zuwa 1,500, da agogon da zai kunna ta daga ƙarfe 11 zuwa 3. Awa huɗu a wat 1,500 yunit 6 ne. Sharaɗi, inbata ta kai kilowat 3 ko fiye, kuma rarar faranti ta kai ƙarfin hitar, in ba haka ba daga batir za ta ja.

Wanda ba shi da wannan rarar, mai dafawa da rana kai tsaye ta fi masa: tana kama rabin zafin da ya sauka a kanta ko fiye, farantin lantarki kuwa wajen kashi 20 cikin ɗari yake mayarwa wuta. Baban Khalifa, idan ka tsayar da shawara, a ɗora ta a watan Oktoba, a samu makonni ana gwada yoyo da saitin bawul kafin sanyi ya sauka. Kuma a rubuta maka a takardar ciniki adadin bututu, kaurin kumfa, lambar ƙarfen tanki da tsawon garanti.